Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Koyon Turanci ga Manya a Damba da Kewayenta

1. Gabatarwa

A Damba, garin nan da ke gefen Gusau bisa hanyar da ta nufi Tsafe da Funtuwa da Zariya, magidanci yana iya wayewar gari ya yi cinikinsa, ya gaisa da jama'a, ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya koma gida ya kwanta, bai furta kalmar Turanci ko ɗaya ba, in ban da waɗanda Hausa ta riga ta ara ta mai da su nata. Haka abin ya ke a Tsafe, haka kuma a Bunguɗu. Amma duk ran da aka ba shi takardar magani a asibiti, ko saƙon banki ya shigo wayarsa, ko aka miƙo masa fom na neman aiki ko na rancen taki, sai ya tarar an rubuto masa da harshen da ba ya ji. Dole ya nemi mai karanta masa. Asirinsa ya fita hannunsa ke nan, wani lokaci har da kuɗinsa.

Sabo da haka manya da yawa, maza da mata, su kan shiga ajin yamma don su koyi Turanci. Malaman da ke koyar da su sun san yadda abin ya kan ƙare: aji ya cika a watan fari, ya ragu a na uku, damina ta sauka kowa ya kama gabansa. In an tambayi wanda ya bari, ya kan ce ƙwaƙwalwarsa ta bushe, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa shekaru ba su ne babban cikas ba. Cikas ɗin shi ne nisan da ke tsakanin wannan darasi da na gaba, a garin da ba a jin Turanci a bakin mutane. Za a nuna kuma cewa maganin abin, watau ɗan karatu kaɗan kowace rana, ba baƙo ba ne a ƙasar Zamfara, gama a kansa aka gina makarantar allo da ta zaure.

2. Yadda Turanci ya samu gindin zama

Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato cikin 1903, Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka kasance cikin Lardin Sakkwato. Sha'anin haraji da shari'a yana hannun En'e, da Hausa kuwa a ke gudanar da mafi yawansa, don haka talaka bai matsu da Turanci ba. Titin jirgin ƙasa da aka jawo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929, shi ne ya fara sauya al'amari. Gusau ta zama babbar matattarar auduga da gyaɗa, kamfanoni suka buɗe kantuna, mutanen Kudu suka zauna a Sabon Gari, aikin akawu kuwa ya zama na wanda ya iya Turanci.

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci. Abin da aka koya wa manya a azuzuwansa shi ne karatu da rubutun Hausa da boko, da ɗan lissafi. Hukumar NORLA da ke Zariya ta buga musu littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, ta kuma fid da ƙananan jaridu na larduna, na Lardin Sakkwato sunanta Zaruma, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa cikin 1939. An rufe NORLA cikin 1959. Akwai darasi a nan da ya kamata a riƙe: masu shirya yaƙin sun gane cewa aji kaɗai ba ya isa, sai an sa wa wanda ya sauke abin da zai riƙa karantawa a gida, in ba haka ba karatun ya zube.

Bayan samun mulkin kai cikin 1960 Turanci ya ƙara ƙarfi, sabo da shi ne harshen da ya haɗa Arewa da Kudu a ofis da kotu da jarrabawa. Sashe na 55 na Tsarin Mulki na 1999 ya sa shi gaba a harkar Majalisar Tarayya, ya ce za a yi da Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadin da ya dace. Da aka kafa Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, ma'aikatu da bankuna suka yawaita, cikin 2013 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya. Ba a shiga jami'a sai da cin Turanci a jarrabawar fita sakandare. Ashe bukatar harshen a kan takarda ta yi ta hauhawa, alhali kuwa a kasuwa da zaure Hausa ce ke mulki. A tsakanin waɗannan biyu babba mai koyo ya ke tsaye.

3. Ko girma yana hana koyo?

Karin maganar icce ɗanye yana da kamshin gaskiya. Cikin 1967 Eric Lenneberg ya kawo ra'ayin cewa akwai wani lokaci na ƙuruciya da harshe ke shiga ba da wahala ba, kuma ya kan rufe wajen balaga. Wani babban bincike da Hartshorne da Tenenbaum da Pinker suka buga cikin 2018, wanda ya shafi mutum wajen 670,000, ya nuna ƙarfin koyon nahawu yana nan daram har wajen shekara 17, sa'an nan ya fara raguwa. Lalle da wuya wanda ya fara bayan ya yi gemu ya yi lafazi irin na ɗan harshe. Amma raguwa daban, ƙarewa daban. Cikin 1978 Catherine Snow da abokiyar aikinta Hoefnagel-Höhle sun bi diddigin masu jin Turanci da suka koma ƙasar Holan da zama, suka tarar a watannin farko samari da manya sun fi ƙananan yara saurin kama harshen ƙasar, ko da ya ke daga baya yara sun cim ma manyan. Babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san dalilin da ya sa ya ke koyo, yana iya riƙe ƙa'ida in an bayyana masa, yana iya tsara lokacinsa.

Ba sai an tafi Turai neman shaida ba. Ɗan kasuwa Ibo ko Bayarabe ya kan sauka Gusau da girmansa, bai san ko sannu ba, kafin a daɗe a ji shi yana taya kaya da Hausa, har da karin magana, bai taɓa zama gaban allo ba. Haka fataken Hausawa suka koyi Yarbanci a Sabo ta Ibadan, da harshen Asante a Zangon Kumasi, haka alhazan da suka bi ta ƙasa suka koyi Larabcin Sudan. Dukansu manya ne. Abin da ya haɗa su shi ne harshen yana tarar da su kowace safiya, abincinsu kuma ya rataya a kansa.

Mutumin Damba da ke neman Turanci ba shi da wannan gata. In ya fito aji ran Litinin, mai yiwuwa ba zai sake haɗa jimla ɗaya ba sai ran Alhamis. Tun da kasuwa ba za ta kawo masa harshen ba, tilas a ƙirƙiro masa abin da zai tsaya a madadinta.

4. Dalilin fifikon aikin kullum

Cikin 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa hardace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya rage masa bayan sa'a guda, bayan yini, bayan wata. Ya ga mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da yinin farko ta ke aukuwa, daga nan sai ta lafa. Ya ga kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani ƙwarai.

Wani gwaji da ya fi kama da halin manya ma'aikata shi ne na Baddeley da Longman, wanda aka buga cikin 1978. An koya wa masu raba wasiƙu a Ingila bugun tafireta, aka kasa su kashi-kashi. Waɗansu suna yin sa'a ɗaya a yini, waɗansu sa'a biyu, waɗansu har huɗu. Masu sa'a ɗaya su suka ƙware cikin mafi ƙarancin sa'o'i in an haɗa jimla. Abin mamaki, su ne kuma suka fi rashin jin daɗin tsarin, don suna ganin tafiyar ta yi musu tsawo. Malami ya lura da wannan da kyau: ɗalibi ya kan fi son dogon zama mai gajiyarwa, domin a nan ya ke jin ya yi aiki, sabo da haka sai an bayyana masa dalili kafin ya yarda da ɗan kaɗan kullum.

Lissafin abin mai sauƙi ne. Aji biyu a mako, kowanne sa'a ɗaya da rabi, sa'a 3 ke nan. Rabin sa'a kowace rana kuwa sa'a 3 da rabi ce a mako, wajen sa'a 180 a shekara, kuma ba a bar mantuwa ta kwana biyu ba a tare ta ba. Game da kalmomi, Michael West ya buga cikin 1953 jerin kalmomin Turanci wajen 2,000 da aka fi amfani da su, waɗanda su ne mafi yawan abin da ke cikin magana da rubutu na yau da kullum. Mai koyon kalma 5 a yini, kwana 6 a mako, zai ratsa 30 a mako, wajen 1,500 a shekara. In an ba da rarar mantuwa da bita, shekara biyu sun ishe shi ya mallaki jerin. Wannan ba ya kai mutum ga karanta jarida ba tare da ƙamus ba, gama Paul Nation ya ƙiyasta cikin 2006 cewa wannan yana bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Amma ya isa mutum ya karanta takardar magani, ya cika fom, ya duba littafin ɗansa na firamare.

5. Gadon allo da zaure

Ƙasar nan tsohuwar ƙasar karatu ce. 'Yandoto, da ke ƙasar Tsafe, cibiyar malamai ce sananniya tun kafin jihadin 1804. Kusan duk babban da ya zo ajin yamma ya taɓa riƙe allo, ya kuma san tsarinsa. Malam ya kan biya wa almajiri ɗan abin da zai iya ɗauka. Almajiri ya maimaita da babbar murya har ya zauna, ya kawo a saurara, in ya yi daidai ya wanke, a yi masa ƙari. Ba a ƙari sai na jiya ya nuna. Mai hadda kuwa yana da tilawa ta kullum, wadda ke komar da shi kan abin da ya wuce don kada ya kuɓuce. An kasa Alƙur'ani izu 60, kowane izu sumuni 8, watau an yanka babban aiki gunduwa-gunduwa yadda za a iya cin ƙarfinsa. A makarantar zaure ma, inda magidanta ke ɗaukar Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala bayan asuba ko bayan magariba, layi kaɗan a ke ɗauka a zama guda, malam yana fassarawa da Hausa.

Wanda ya duba zai ga abubuwan da masana suka gano da gwaji suna nan a ciki: ƙaramin rabo, lokaci tsayayye, ɗaga murya, gwaji kafin ƙari, da komawa baya a kai a kai. Kuskuren ajin yamma shi ne ya kwaikwayi makarantar boko ta yara, ya zaunar da dattijo a kan benci sau biyu a mako yana kwafar allon bango, ya watsar da horon da mutumin ya zo da shi tun daga gida.

Amma a yi hattara. Manufar hadda ita ce a adana nassi yadda ya ke, ba ƙari ba ragi. Harshen mu'amala kuwa yana bukatar mutum ya haɗa jimlar da bai taɓa ji ba, ya kuma fahimci amsar da bai zata ba. An sha ganin ɗalibin da ya hardace shafi guda na Turanci, a tambaye shi farashin buhun masara ya yi tsuru. Abin da za a ara daga allo shi ne tsarin lokaci da na bita. Abin da za a zuba cikin tsarin kuwa dole ya zama magana mai ma'ana da ta shafi sana'ar mai koyo.

6. Wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe

Tun da lokacin kaɗan ne, tilas a kashe shi inda ya fi amfani. Robert Lado ya nuna cikin 1957 cewa in an gwama harshen mai koyo da wanda ya ke koyo, za a hango wuraren wahala da yawa tun kafin a isa gare su. Bincike na baya ya nuna ba kowane kuskure ne ke fitowa daga harshen uwa ba, amma a fannin furuci gwamin yana da amfani ƙwarai. Kalmomin aro ma sun isa madubi.

Na farko, baƙaƙe. Hausa ba ta bambanta p da f, don haka aka samu famfo, fenti, fetur da fasinja, waɗanda duka da p suka fara a asalinsu. Mai koyo ya kan gauraya "pull" da "full", ko "pan" da "fan". A Zamfara akwai ƙari, gama karin harshen yamma ya kan sa hw ko h inda Kano ke da f, a ce hwari da hita maimakon fari da fita. Ashe malamin da ke Bunguɗu yana iya bukatar ya koyar da sautukan biyu duka, ya nuna yadda haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa a wajen f, da yadda leɓuna ke rufewa su buɗe a wajen p. Haka v ta kan koma b, kamar a baranda da bawul. Sautukan nan biyu da a ke rubutawa da th kuwa su kan koma s da z.

Na biyu, gaɓa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, sabo da haka a kan cusa wasali a tsakani: burodi, birki, direba, filasta, firamare. Turanci kuwa yana jera har uku a farkon kalma.

Na uku, wasula. Hausa tana da biyar, kowanne da gajere da dogo, da tagwaye biyu, ai da au. Daidaitaccen Turancin Ingila yana da wajen 20. Don haka "cat" da "cut" su kan zama abu ɗaya a kunnen mai koyo. Amma Bahaushe yana da jari a nan, domin wanda ke bambanta gari na zama da gari na tuwo ba zai sha wuya da "ship" da "sheep" ba.

Na huɗu, murya. Hausa tana aiki da karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau, Turanci kuwa yana danna gaɓa ɗaya ya sassauta sauran. Bambancin "fifteen" da "fifty" ya dogara ƙwarai a kan wannan, mai sayar da hatsi kuwa ya san abin da ke tsakanin 15 da 50.

Na biyar, nahawu da ma'ana. Jerin jimla iri ɗaya ne a harsunan biyu, mai aiki, aikatau, sa'an nan karɓau, wannan kuwa sauƙi ne babba. Amma Hausa tana nuna lokaci a jikin lamiri: na tafi, zan tafi, na kan tafi. Turanci ya kan sauya aikatau kansa, wani lokaci ba bisa ƙa'ida ba, sai an hardace. Kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, don haka mai koyo ya kan kira mota "she". Aikatau ɗaya na Hausa kuma yana iya rabuwa gida-gida a Turanci: ana jin magana, a ji wari, a ji sanyi, a ji Larabci, kowanne da kalmarsa a can, haka kuma sha da ci. Mafi haɗari shi ne amsar tambaya mai korewa. In an ce wa Bahaushe, "Ba ka sha maganin ba?" ya kan ce, "I," yana nufin bai sha ba. In ya ɗauki wannan ya kai Turanci gaban likitan da ba ya jin Hausa, za a fahimci akasin nufinsa.

7. Tsarin rabin sa'a

Ga fasalin da malami zai iya daidaita wa kowane ɗalibi. A kasa rabin sa'ar kashi uku, a rataya kowanne a jikin wani abin da ba a fashinsa, kamar yadda a ke rataya karatun zaure a jikin salla.

Minti 10 bayan asuba na ƙaramin littafin aljihu ne, wanda shi ne allon mai koyo. Ya fara da bitar na jiya, ya rufe shafin ya gwada kansa, sa'an nan ya ɗauki sababbin kalmomi 5, kowace a cikin jimla, ya faɗa da murya. Tela ya fara da awo da launi da farashi, ungozoma da sassan jiki da lokutan shan magani, direba da alamun hanya da takardun mota. Ƙamus na Turanci da Hausa, irin na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, yana taimako in akwai shi kusa.

Minti 10 da rana na kunne ne da ido. Gidajen rediyo na ƙasar nan su kan karanta labarai da Hausa da Turanci. Mai koyo ya fara jin na Hausa, sa'an nan ya bi na Turanci, tun da ya riga ya san abin da ya faru kunnensa zai kama kalmomin. Ya karanta allunan shaguna, da rasit, da kwalin magani, da saƙon waya.

Minti 10 da dare na baki ne da hannu. Ya rubuta jimla 3 a kan abin da ya yi a yinin, ya faɗa wa abokin karatunsa, shi ma ya faɗa masa nasa, su yi wa juna tambaya. Ran Juma'a ba ƙari, sai tilawar abin da aka yi a mako, a ƙarshen wata kuma a koma kan na watan. Da haka aikin aji ya sauya: can a ke kawo littafin aljihu a saurara, a gyara furuci, a yi bayanin ƙa'ida da Hausa, a ba da rabon mako mai zuwa.

8. Cikas

Kunya ita ce ta fari. Dattijo ba ya son ya yi kuskure gaban ɗan cikinsa, ko a ce yana ƙaryar boko. Don haka abokin karatu ya zama tsara, gyara kuma a yi shi a keɓe. Matan aure da yawa ba su iya fita ajin dare, amma suna zuwa Islamiyya, kuma rabin sa'ar nan ana iya yin ta a tsakar gida da kishiya ko maƙwabciya. Manomi da damina ya rage zuwa minti 10, kada dai ya yanke, gama komawa bayan wata huɗu kusan sabon farawa ne.

Rashin zaman lafiya ya ƙara wa wannan magana nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun kori iyalai da yawa daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu zuwa Gusau da gefenta. Cikin Satumba 2021 an rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Yaran da karatunsu ya yanke a irin waɗannan shekaru su ne manyan da za su nemi ajin yamma nan gaba. Tsarin da ya dogara kacokan ga fitar dare ko ga intanet yana iya tsayawa cik a rana ɗaya, amma littafin aljihu da rediyo mai batir da aboki a gida ɗaya ba su da sauƙin katsewa.

Wanda bai iya karatun boko ba sam, ya fara da Hausa. Rubutunta yana bin furuci kusan sau da ƙafa, na Turanci kuwa ba haka ba, kuma zalunci ne a ɗora wa mutum koyon haruffa da baƙon harshe a lokaci guda.

9. Kammalawa

Abin da ya rage yana wuyan masu horon malamai, kamar na Kwalejin Ilmi ta Maru da Kwalejin Tarayya ta horon malamai mata da ke Gusau. Ya kamata ɗalibin malanta ya fita ya san tsarin sautin Hausa, har da na karin yankin da za a tura shi, yadda zai gane tushen kuskure da zarar ya ji shi. Ya kamata ya iya yanka darasi rabo-rabo na kwana shida, ya kuma auna nasararsa da yawan kwanakin da ɗalibinsa ya taɓa harshen, fiye da yawan shafukan da aka gama a aji. Ya gaya wa ɗalibi gaskiya tun ranar fari: lafazinsa zai ci gaba da nuna shi Bazamfare ne, wannan kuwa ba aibi ba ne, tafiyar kuma ta shekara biyu ce ko fiye. Amma a ƙarshenta zai buɗe takardarsa ya karanta da kansa. Da yayyafi kogi kan cika.